Rasuwar Bildi, Dalmar Awon Zurfi ta Nahuda Khalfan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da harshen da ya rasa abin ɗanɗanawa, Nahuda Khalfan bin Suwaid na garin Sur, nahuda, wato shugaban jirgin ruwan katakon nan mai suna Samha, yake sanar da ’yan’uwa da abokan arziki da duk wanda ya taɓa cin abincinsa a kan ruwa, daga nan har Mukalla, rasuwar amininsa kuma abokin tafiyarsa, Bildi, dalmar awon zurfi. Ajali ya cim masa ranar wata Talata da hantsi, a ruwan da ke gabas da tsibirin Masira, a zurfin gaba tara, wato buɗin hannu biyu sau tara. Ya rasu yana bakin aiki, yana da shekara sittin da ɗoriya. Ba a samu gawa ba.

Iyalan mamacin suna ba da haƙuri da jinkirin wannan sanarwa har kwana arba’in. Ba sakaci ba ne. Nahuda ne ya hana, domin har shekaranjiya yana sa ran dawowarsa, kuma yana da dalilinsa, wanda za a ji nan gaba.

An haifi marigayin a maƙerar bakin kasuwa, a zamanin da iska kaɗai ke tura jirgi, kuma mahaifin Nahuda ne ya tsaya a kansa har aka zuba shi ya huce. Bai yi tsawo ba, bai kuma yi kyau ba. Kamar guntun taɓarya yake, da huda a ka inda igiya ke shiga, da ɗan rami a gindi mai kama da cibiya. A ramin nan ake cusa kitsen rago, a wurga shi gaban jirgi ya nutse har ƙasa. Igiya ta faɗi zurfin ruwa, kitse kuma ya maƙalo abin da ya taras a can, ko yashi, ko laka, ko ɓarɓashin murjani. Aikinsa ke nan tun ranar da ya huce, kuma bai taɓa neman canji ba.

Duk wanda ya zauna da marigayin ya shaide shi da kawaici. A shekara sittin ba a taɓa jin bakinsa ba sai “tsundum” idan ya shiga ruwa, sai kuma “ƙwam” idan an dire shi a kan katako. Igiyar ruwa ba ta taɓa sa shi amai ba. Bai taɓa cewa shinkafar jirgi ta caɓe ba. Ya shiga tashoshi sama da talatin bai ajiye mata a ko ɗaya ba, shaidar da ba za a iya yi wa rabin masu karanta wannan takarda ba. Ba ya ƙarya. In ya ce gaba uku, to uku ɗin ne, ko da Nahuda ya fi son biyar. Laifinsa guda da aka sani shi ne babban yatsan ƙafar dama na Fairuz, dattijon ma’aikacin jirgin da ke wurga shi, wanda ya fasa har sau biyu. Fairuz ya ce ya yafe na farko.

Sai dai Bildi shi kaɗai rabin ilimi ne, sauran rabin yana bakin Nahuda Khalfan. Sauran shugabannin jirgi duba gindin dalma suke yi, masu ƙoƙarin cikinsu su shinshina. Shi kuwa lasa yake yi. Ya lumshe ido, ya juya yashin a kan harshe, ya tofar, ya ce a karkata dama an kusa dutse, kuma a karkata a ga dutsen. Mu mutanen Sur ba mu cika yabon namu ba, amma ko masu jin haushinsa sun yarda cewa da za a ɗebo masa laka a kofi daga ko’ina tsakanin nan da Sukutra, zai faɗi inda aka ɗebo ta, har ya faɗi wanda ya ɗebo in bai wanke hannu ba.

Shekara huɗu da suka wuce, ɗansa Hilal ya dawo daga Dubai da wata na’ura mai fuskar gilashi, wadda ke nuna zurfin ruwa da lambobi ba tare da an jiƙa igiya ba. Hilal mutumin kirki ne, kuma ya san teku. Shekararsa arba’in da biyu a lokacin, furfura ta fara leƙo masa a gemu, yana nan yana jiran ranar da za a bar shi ya ja jirgi da kansa. A majalisar dattawa bayan sallar Juma’a, gaban mutum goma sha huɗu da butar gahawa, ya sumbaci kan mahaifinsa ya ce:

“Baba, shekara saba’in ba wasa ba ce. Ka huta haka nan mana. Ga na’ura, ga ni.”

“Na’urar taka tana da harshe?”

“Ai ba ta bukatar harshe, Baba.”

“To kun ji. Abin da bai ɗanɗani ƙasa ba, da me zai san ta?” Sai ya ɗaga murya don na bakin ƙofa su ji. “Ku shaida, jama’a. Ranar da Bildi ya bar Samha, ranar zan bar ta. Kafin wannan rana, kada mai rai ya ƙara kawo mini zancen hutu.”

Aka shaida, aka shafa fatiha. Nahuda ya koma gida yana dariya a ciki, don a ganinsa ya ɗaure yaro da ƙullin da ba ya kwancewa. Dalma ba ta tsatsa, ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta. Ya manta baki shi ke yanka wuya.

Ciwon ajalin marigayin ba a jikinsa ya fara ba, a jikin maigidansa ya fara. Shekara guda bayan rantsuwar nan likita ya ce sukari ya yi wa Nahuda yawa a jini, ya hana shi alewa. A garinmu hana mutum alewa tamkar ce masa aka yi kada ya je ɗaurin aure, kada ya je gaisuwar mutuwa, kada ya yi baƙo, domin a ina ake miƙo gahawa ba a turo kwanonta ba? Uwargidansa Zuwaina ta karɓi maganar likita da hannu biyu. Duk ranar tafiya takan tsaya a bakin ƙofa ta caje shi kamar mai shiga ƙasar wasu. Ta zazzage akwati, ta warware rawani, har kuben wuƙarsa sai ta leƙa. Abu ɗaya ne ba ta taɓa buɗewa ba, shi ne gwangwanin kitsen Bildi, don wannan kayan aiki ne, kuma warinsa ma ya ishi mutum daga nesa.

Nahuda ya lura da haka. Ya kwashe kitsen ya ba karnukan bakin ruwa, ya wanke gwangwanin tas da toka, ya kai wa Shambe mai alewa na bayan kasuwar kifi ya cika masa shi. Da aka fita teku ya kafa sabuwar doka, cewa daga yau shi kaɗai zai riƙa cusa wa Bildi abin gindinsa, domin akwai wani sirri na gado da ya tuna.

Tun daga ranar marigayin bai ƙara samun hutu ba. A da, sau huɗu ko biyar yake shiga ruwa a wuni. Yanzu sai ya shiga sau ashirin. A tsakiyar teku, inda ruwa ya yi baƙi ƙirin don zurfi, sai ka ji Nahuda ya yi gyaran murya.

“Fairuz, wurga.”

“Haba Nahuda, nan fa ko igiya goma aka ƙulla ba za ta taɓa ƙasa ba.”

“Kai ka auna? Wurga na ce.”

A wurga, a jawo, Nahuda ya juya baya ya daɗe yana nazari da harshe, sannan ya sanar da cewa lallai akwai zurfi. Har jirgi na ɗaure a tashar Sur, inda ya koyi iyo tun yana tsirara, an ga ya sa an auna sau uku kafin azahar. Labarin taka-tsantsan ɗinsa ya bazu har Mukalla. Dattawa suka riƙa yi wa matasan shugabannin jirgi gori da shi, suna cewa ku dubi Khalfan, shekara saba’in da ɗaya amma bai raina ruwan ƙofar gidansu ba. Fairuz ne kawai wata rana ya tsaya yana kallon kiyashi sun yi layi daga ɗakin girki har gindin marigayin.

“Nahuda, ka ga kiyashi ma sun zo koyon teku.”

“Ka kula da ɗaya yatsan naka,” in ji Nahuda.

Abu ɗaya ne ya rage masa jin daɗi a shekarun nan uku. Hannun Shambe ya lalace. Alewar da ke shiga gwangwani ta zama salam, ba ta da zaƙin da ya sani tun yana yaro. Ya kasa kai ƙara wurin kowa, don ɓarawo ba ya ihun an cuce shi a rabo, sai dai ya riƙa faɗa a majalisa cewa komai na zamanin nan ya mutu, har masu sana’a ba sa tsoron Allah.

Don kada a zalunci mamaci, wajibi ne a rubuta cewa ko a cikin wannan hali bai ci amanar aikinsa ba. Bara da rana tsaka, kusa da Masira, gajimare ya sauko ya kwanta a kan ruwa har na gaban jirgi ba ya ganin na baya. Na’urar Hilal ta ƙifta ido sau uku ta ɗauke, gishiri ya ci wata waya a cikinta. Aka wurga Bildi. Ya dawo da gaba huɗu da jan murjani a gindi. Nahuda ya lasa, wannan karon bai lumshe ido ba, ya daka tsawa a murɗa hagu gaba ɗaya. Samha ta gifta wani baƙin dutse kusa har ana ganin kaguwa a kansa. Mutum goma sha ɗaya ne a jirgin, kuma dukansu suna da masu jiransu a gida. A ranar, Hilal da hannunsa ya naɗe igiyar Bildi ya rataye ta.

A tafiyar ƙarshe jirgi ya kwana biyu a Salala. Nahuda yana yawo a kasuwa sai ƙamshi ya kama shi ta hanci ya ja shi har rumfar wani mai alewa da bai sani ba. Alewa ce ta gidan sarauta, ja wur, man shanu na yawo a kanta, ga za’afaran, ga ruwan wardi, ga gyaɗar Hindu an barbaɗa. Ya ɗanɗana da yatsa ɗaya sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya juye ta Shambe a kwata, ya sa aka danƙare masa gwangwani da wannan. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ranar Talata da hantsi, gabas da Masira, ya cusa wa marigayin ita har ta yi tozo. Fairuz ya kaɗa igiya sau uku ya saki. Bildi ya ce “tsundum,” kuma wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Igiya ta tafi gaba tara ta tsaya. Fairuz ya buɗe baki zai faɗi awo, sai igiyar ta fizge shi har gefen jirgi.

“Nahuda! Ƙasa tana tafiya!”

Mutum huɗu suka kama suka ja. Can sai ga kan wani hamur, irin tsofaffin kifayen nan da ke zama a kogon dutse, girmansa ya kai buhun shinkafa biyu, igiya ta shige bakinsa har maƙogwaro. Fairuz ya rantse kifin ya dubi Nahuda ido cikin ido kamar mai godiya. Daga nan ya juya ya nutsa, ya goga igiyar a jikin dutse, ta dawo sakayau babu kai. Nahuda ya zauna a kan buhun dabino da guntun bakinta a hannu. Hilal bai tuna masa da rantsuwa ba, kuma hakan ya fi wa tsohon zagi ciwo.

Da aka iso gida dattawan majalisa suka ji tausayinsa. Suka ce ɓata ba mutuwa ba ce, a ba shi kwana arba’in. In Bildi ya dawo, Nahuda na nan a kan jirginsa, in bai dawo ba, rantsuwa ta hau. Nahuda ya sa tukuicin riyal hamsin ga duk masuncin da ya kamo mai laifin. Masuntan Masira ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Hamur ashirin da uku suka aiko cikin ƙanƙara, kowanne da saƙon cewa wannan shi ne, an gan shi yana tafiya da nauyi. Kowanne a tsakar gida aka farke shi, Nahuda ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gwiwa. An samu ƙugiyoyi, da kaguwa, da cokalin shayi, da takalmin roba ƙafar hagu. Unguwa ta ci hamur dafaffe da gasasshe da busasshe, har kuliyoyi suka fara kau da kai.

A kwana na talatin da biyar Fairuz ya zo yana ɗingishi, ya zauna kusa ya rage murya.

“Nahuda, jikan maƙerin nan yana nan da rai. Ya zuba mana wani, in bubbuga shi da dutse ya tsufa, mu tura a cikin kifi na gaba. Wa zai sani?”

“Shekara nawa kana wurga shi?”

“Talatin da takwas.”

“Ka taɓa jin ya ce biyar a inda uku take?”

“Ban taɓa ba.”

“To ba a bayan ransa za a sa shi ya fara ba.”

Wannan magana ta fito ne daga bakin mutumin da ya shekara uku yana lasar alewa da sunan ilimin teku, amma an rubuta ta kamar yadda ya faɗa, don kowa da inda kunyarsa take.

Ainihin sanadin rasuwar kuwa sai shekaranjiya ya bayyana, a rana ta arba’in. Nahuda na zaune a inuwar tsakar gida, Zuwaina ta kawo masa gahawa da dabino uku, sannan ta ajiye gwangwanin a gabansa, wankakke.

“Baban Hilal, alewar wa ka sa masa ranar?”

“Wace irin alewa kuma? Kitse ne.”

“Kitse ne ya shekara uku yana tara kiyashi a aljihun rigarka? Ni fa nake wankin nan.” Ta zauna. “Tun dawowarka ta farko na je wurin Shambe. Na ce duk ranar da ka kawo gwangwanin, ya raba sukarin huɗu ya sa kashi ɗaya.”

Nahuda ya saki baki. “Ashe ke kika lalata hannun Shambe! Ni ina can ina zagin bawan Allah a majalisa!”

“Ni ce. Shekara uku kifayen Masira suna shinshinar tawa suna wucewa, ko kallo ba ta ishe su ba. Rana ɗaya ka je ka kwaso ta Salala.”

Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. “To da kin sani, me ya hana ki ƙwace?”

“In ƙwace in kai ka ina? A gidan nan majinyaci ne kai, ina ƙirga maka dabino kamar yaye. A can kuwa Nahuda ne. Na ce gara ka lasa kaɗan kana tsaye a kan jirginka. Da ka haƙura da tawa, Baban Hilal, da yanzu kana can.”

Nahuda Khalfan bai yi kuka ranar da igiya ta dawo babu kai ba, bai yi ba a kan kifi ashirin da uku. A nan ya yi, kuka na gaske, na tsoho, da rawani a fuska. Da la’asar ya aika aka kira Hilal, ya miƙa masa jirgi a gaban shaidu, sannan ya ba da izinin rubuta wannan sanarwa.

Marigayin ya rasu ya bar igiyarsa, mai gaba talatin a da, wadda yanzu ta ragu kuma take zaman takaba a kan ƙusarta. Hilal ya ce kada a taɓa ta daga wurin. Ya bar gwangwani guda, da anga, ƙarfen tsayar da jirgi, wadda suka yi shekaru suna gaisawa a ƙarƙashin ruwa, da yatsan Fairuz wanda zai ci gaba da tunawa da shi duk lokacin sanyi. Ya bar kiyashi masu yawa, marayu. Na’urar Dubai ba dangi ba ce, ko da an gan ta a wurin zaman makoki. Ya kuma bar Nahuda.

Game da jana’iza, liman ya ce ba a yi wa dalma salla, kuma ya roƙi a daina aiko masa da tambayar. Saboda haka za a yi zaman karɓar gaisuwa a rumfar bakin ruwa inda ake gyaran jirage, daga gobe Talata har zuwa Alhamis, tsakanin hantsi da azahar. Akwai gahawa da dabino. Duk wanda ya zo da alewa ya damƙa wa Zuwaina a bakin rumfa, kuma za a caje rawuna. Wanda ya kawo hamur, shi da Allah.

Ranar Alhamis bayan la’asar, idan ruwa ya cika, Samha za ta tashi zuwa Mukalla ƙarƙashin Nahuda Hilal bin Khalfan. Idan sun kai gabas da Masira za a jefa gwangwanin a inda marigayin ya nutse, don ya bi maigidansa. Tsohon Nahuda ya nemi a cika shi kafin a jefa, an ƙi.

Shi kuwa zai tsaya a kan gaɓa, karo na farko cikin shekara hamsin da jirgin zai fita yana kallonsa ta baya. Ana roƙon jama’a, idan Samha ta doshi bakin mashigi suka ga leɓensa yana motsi, kada su ce amin, domin ba addu’a yake yi ba. Zurfi yake ƙirga wa ɗansa: uku, uku da rabi, biyar, a kauce wa dutsen hagu, bakwai. Kada a yi masa magana, kada a kama hannunsa. A bar shi ya kai goma sha biyu. Daga nan ruwan ba nasa ba ne, sai a raka shi gida.